Wai likitan tiyata wuƙa kaɗai ya iya?

An daɗe ana ɗauka cewa likitan tiyata aikinsa yanka da ɗinki ne kawai, bincike kuwa sai masu ɗakin gwaji da maƙudan kuɗi. Wanda ya san labarin Denis Burkitt ba zai yarda da wannan ba.

Likitan tiyata ne ɗan ƙasar Ailan, ido ɗaya gare shi tun yana yaro, yana aiki a asibitin Mulago da ke Kampala, babban birnin Uganda. A 1957 ya fara lura da yara masu wani irin kumburi a muƙamuƙi. A 1958 ya wallafa bayanin yara 38, kusan ba wanda ya waiwaye shi.

Bai haƙura ba. Ya yi ta aika wa asibitocin Afirka takardun tambaya, sannan a 1961 shi da abokan aiki biyu suka shiga tsohuwar mota, suka yi tafiyar mil wajen 10,000 daga wannan asibiti zuwa wancan. Kayan aikinsa taswira ce da alƙalami. Ashe wannan kumburi, wanda ciwon daji ne, ya fi yawa ne inda zafi da ruwan sama suka haɗu, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu.

A wata lacca da ya yi a Landan, wani masanin ƙwayoyin cuta mai suna Anthony Epstein na zaune yana saurare, ya roƙi a aiko masa da samfurin ƙarin. Daga nan aka gano bairos ɗin Epstein-Barr a 1964, na farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Ciwon kuwa har yau da sunan Burkitt ake kiransa.