Gajiyar ƙarfe da ragowar takura a mahaɗar walda

Gajiyar ƙarfe ita ce tsagewar da ke samun ƙarfe idan ana ɗora masa nauyi ana saukewa sau dubbai ko miliyoyi, ko da nauyin bai kai wanda zai karya shi a karo ɗaya ba. Injiniyan Jamus August Wöhler ne ya fara auna ta bisa tsari a shekarun 1850 da 1860, yana binciken sandunan ƙafafun jirgin ƙasa. A gadoji da jiragen ruwa da sauran gine-ginen ƙarfe, yawanci daga walda tsagar take tasowa.

Inda ragowar takura take fitowa

Lokacin walda, wurin haɗin yana narkewa a zafin kusan digiri 1,500 a ma'aunin Celsius, alhali ƙarfen da ke kewaye da shi yana da sanyi. Da ya fara hucewa sai ya nemi tsukewa, na kewayen kuma ya riƙe shi. Haka waldar za ta sandare a jaye, tun ba a ɗora mata komai ba. Wannan ja da ya saura shi ne ragowar takura, kuma a tsawon walda yakan kai iyakar da ƙarfen ke fara miƙewa ba ya komawa, wato wajen MPa 355 (MPa ma'aunin takura ne) a ƙarfen gini mai suna S355.

Tunda wurin ya riga ya kai maƙura, abin da ke cin rayuwar walda shi ne tazarar da ke tsakanin babbar takura da ƙarama a kowane zagaye na ɗora nauyi da saukewa. Ko nauyin na dannawa ne, sassauta jan kawai yake yi sannan ya sake shi, bakin tsaga ya ci gaba da buɗewa yana rufewa. Ga kuma ƙananan lahani a gefen walda, inda ta haɗu da faranti: kashin walda da ya maƙale, ko zaizayar da wuta ta yi, zurfinsu bai kai rabin milimita ba. Tamkar tsaga ce da aka haifi waldar da ita. Shi ya sa sayen ƙarfe mafi ƙarfi ba ya ƙara wa waldar da ba a gyara ba kwana; zaton zai ƙara kuskure ne da masu zanen gini kan faɗa ciki.

Lissafin kwana

Cibiyar walda ta duniya, IIW, tana bai wa kowace irin mahaɗa lambar FAT, wato tazarar takurar, a MPa, da za ta jure sau miliyan 2. Farantin da ba a yi masa walda ba FAT 160 ne, haɗin baki da baki da aka gurje ya yi sumul 112, waldar kusurwa mai tsagewa daga gindi, wato can cikin haɗin, kuwa 36 kacal. Idan tazarar ta ninka biyu, kwanan walda ya ragu sau takwas: mahaɗar FAT 80 da aka sa wa MPa 160 zagaye 250,000 za a ƙiyasta mata.

Ga misalin ɓarnar da gajiyar walda ke yi: a ranar 27 ga Maris 1980 Alexander L. Kielland, dandamalin kwanan ma'aikatan haƙar mai a kan ruwa, ya kife a Tekun Arewa da ke Turai, mutum 123 suka mutu. Tsagar ta faro ne daga waldar kusurwa mai milimita 6 da ta riƙe wata na'urar sauraron sauti a jikin wata tokarar ƙafar dandamalin, waldar da ba ta ɗauke da nauyin ginin.

Magani

Ana sauke takura da gashi: a kai ƙarfen gini wajen digiri 600, a bar shi awa ɗaya ga kowace milimita 25 ta kauri, a huce shi sannu a hankali. Saurin hucewa sabuwar takura yake haifarwa. Ana kuma gurje gefen walda da ƙaramin dutsen gurza har rabin milimita ƙasa da lahanin da ake gani, ko a sake narkar da shi da wutar TIG, wata irin waldar lantarki, ba tare da ƙarin waya ba. Hanya ta uku ita ce dukan gefen da guduma mai saurin bugu, wanda ke mayar da ja ya koma matsi. Amfanin dukan yana iya gushewa idan nauyi mai yawa ya faɗa wa mahaɗar sau ɗaya. Gurza da narkarwa da duka a gefen walda suke tsayawa. Idan wuta ba ta ratsa gindi ba, tsagar daga can ciki za ta fito.