Tsutsar da Ke Cin Karan Kabewa Ta Ciki

Wani mai lambu a bakin kogi kusa da Maiurno, a jihar Sinnar ta Sudan, ya samu irin ƙatuwar kabewar nan ta gasa daga wani ɗan'uwansa da ke ƙasar waje, tare da gargaɗin cewa akwai tsutsar da ke kashe ta. Ga tambayoyinsa da amsar da na ba shi.

Wace irin kabewa ce wannan?

Sunanta Atlantic Giant. Wani manomin Kanada, Howard Dill, shi ya fitar da irin. A 2021 an auna guda ɗaya a Italiya ta kai kilo 1,226. Don gasa ake nomanta, ba don miyar taushe ba, ruwa ya yi mata yawa.

Tsutsar fa, akwai ta a Sudan?

Wadda ɗan'uwanka yake nufi ta nahiyar Amurka ce, ba ta nan. Uwarta dangin malam-buɗe-littafi ce, amma da rana take yawo, cikinta ja da ɗigo-ɗigon baƙi, in ka gan ta sai ka rantse rina ce. Tana saka ƙwai ɗaiɗai a gindin kara, bayan kamar mako guda su ƙyanƙyashe. Farar tsutsa mai kai ruwan ƙasa ta huda karan ta shige, ta yi wata guda ko fiye tana ci, sannan ta sauka ta kwanta cikin ƙasa.

Sai dai kada ka saki jiki, Malam. Mu ma muna da namu ƙwaron, Apomecyna binubila, mai dogayen ƙahoni, wanda tsutsarsa ke raraƙe karan kankana da danginta. Ɓarnar kusan iri ɗaya ce, dabarar ma haka.

Ta yaya zan gane ta shiga?

Ganye zai yi yaushi da rana, ya farfaɗo da yamma, kwana kaɗan kuma ya kwanta gaba ɗaya. A nan mutane ke kuskure. A zafin Sinnar kowace kabewa tana yin laushi da azahar, don haka mai lambu sai ya ƙara ruwa, alhali hanyar ruwan ce aka cinye. Kafin ka ƙara ban ruwa, durƙusa ka duba gindin karan. In ka ga ƙaramin rami da wani abu kamar jiƙaƙƙiyar dussa a bakinsa, kashin tsutsa ne, tana ciki. In babu rami, tono saiwa ka gani, wataƙila ruɓa ta yi ko ta yi ƙulle-ƙulle, wannan kuma wata cuta ce daban.

To in na same ta?

Ɗauki reza mai tsabta ka tsaga karan a tsaye, bin tsawonsa, kada ka gitta. Zaƙulo tsutsar ka kashe, ka duba ko tana da 'yar'uwa, sannan ka rufe wurin da ƙasa mai laima. Feshi a bayan kara ba ya kai mata, tun da ta riga ta shige. Masu gasa a Amurka sukan ɗura Bt, wani maganin tsutsa da ake samu daga bakteriya, cikin karan da sirinji.

Akwai rigakafi?

Wanda na fi yarda da shi ba ya cin ko fam guda: binne yaɗo. Duk inda ganye ya fito daga kara, wato gaɓa, kabewa tana iya yin saiwa a wurin. Yayin da take yaɗuwa, riƙa bin gaɓoɓin kana tula musu ƙasa. Ko tsutsa ta gama da gindi, sauran saiwoyin za su ci gaba da shayar da 'ya'yan. Da ma haka masu gasa suke yi don kabewar ta ƙara nauyi.

Kana iya lulluɓe ƙananan shuka da tsohon gidan sauro, amma ka yaye da zarar fure ya fito, don ƙudan zuma su samu shiga. Bayan girbi ka tattara busasshen yaɗo ka ƙone, baɗi kuma ka sauya wuri.

Me ya sa kabewarmu ta gida ba ta cika wannan wahala ba?

Yawancinta dangin Cucurbita moschata ce, karanta ya fi tauri da cika, har tsutsar Amurkan ma ba ta cika samun sa'arta ba. Ta gasa kuwa Cucurbita maxima ce, karanta kauri gare shi amma taushi, cikinsa rami. In za ka shuka ta, duba gindinta sau biyu a mako tun tana ƙarama.