Fulogi da gibinsa, ga 'yan uwa masu mota a Jidda da Makka

Ni bakanike ne a sina'iyya, unguwar garejin gyaran motoci, nan Jidda, kusan kullum sai wani ɗan uwa direba ya zo min da maganar fulogi, bawaji kenan a bakin Larabawa. Ga abin da aka fi tambayata.

Wai meye gibin nan da kuke aunawa?

Ɗan ratan da ke tsakanin tsinken tsakiya da ƙarfen da ya lanƙwaso a kansa, nan wuta ke tsallakawa ta kunna mai da iska. Yawancin motocin fetur milimita 0.7 zuwa 1.1 ne, masu turbo sun fi son matsattse saboda matsin cikin silinda ya fi yawa. In ya buɗe da yawa koyil, wato abin da ke ba fulogi wuta, ke shan wahala, mota ta dinga yankewa in ka taka ko kana hawan Hada zuwa Ɗa'if, man da bai ƙone ba kuma ya wuce ya lalata dabbar bi'a, wato tukunyar salansa mai tace hayaƙi, wadda kuɗinta ya ninka na fulogi nesa ba kusa ba. In ya matse sosai wutar tayi ƙanƙanta, mota na rawa a tsaye tana shan mai.

Sabo fil ma sai an auna?

Eh, ni dai ina aunawa, kwali na faɗuwa a hanya. Duba lambar jikinsa, in kaga NGK BKR6E-11, wannan 11 ɗin na ƙarshe milimita 1.1 yake nufi. Ƙarfen gefe kawai ake lanƙwasawa, a hankali, ba a bugawa a ƙasa.

Tunda Makka akwai zafi, ba gara in sa fulogi mai sanyi ba?

A'a malam, nan mutane da yawa ke kuskure wallahi. Zafi da sanyin fulogi ba ruwansa da rana, magana ce ta saurin da bakinsa ke miƙa zafi ga kan inji. Bakin yana buƙatar ya kai wajen digiri 450 zuwa 500 kafin ya ƙone dattin kansa, in ya haura 800 da wani abu kuma sai ya fara kunna mai tun lokaci bai yi ba, har fistin yana iya hujewa. To kai da ke wuni cikin zahma, wato cunkoson motoci, da AC a kunne kana jiran fasinja, in ka sa wanda ya fi sanyi baƙin hayaƙi zai taru masa kawai. Kuma lambobin na ruɗarwa, a fulogin kamfanin NGK da Denso babbar lamba ita ce mai sanyi, a Bosch akasin haka ne. Dan Allah bi abin da katalok ɗin motarka ya ce, har da tsawon zaren, don wanda yayi tsawo yana iya taɓa fistin.

Fulogi mai tsinken iridiyum ya cancanci kuɗinsa?

In motar da shi ta zo, eh, kar ka koma na talaka. Yana kaiwa kilomita 100,000, na gama-gari kuwa wajen 30,000 ya gaji. Amma ba zai ƙara wa lafiyayyen inji wani ƙarfin a zo a gani ba, kuma tsinkensa siriri ne, kar a danna shi da ma'auni. Jabu sun yi yawa a kasuwa, in arahar tayi yawa ka bar musu kayansu ka je wajen wakili.