Waiwaye: Rikicewar bugun zuciya da motsewar ƙwaƙwalwa

Tun a 1909 likitan zuciya na Birtaniya Thomas Lewis ya nuna cewa bugun zuciyar nan da ke zuwa ba tsari yana faruwa ne idan ɗakunan sama na zuciya suka koma karkarwa maimakon matsewa. Jini kan kwanta a ciki ya yi gudaji, wanda kan iya tafiya ya toshe jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. A 1991 binciken Framingham a Amurka ya gano cewa ciwon yana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar.

Abin da ya ɗaure wa likitoci kai ya zo ne daga baya. A 1997 binciken Rotterdam a ƙasar Holan ya alaƙanta ciwon da gushewar tunani, har ga waɗanda jikinsu bai taɓa shanyewa ba. A 2013 hotunan MRI (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki) na tsofaffin birnin Reykjavik a ƙasar Iceland suka nuna ƙwaƙwalwar masu ciwon ta fi ƙanƙanta. To amma wanne ya jawo wanne? Tsufa da hawan jini da ciwon suga kowannensu yana taɓa zuciya, yana taɓa ƙwaƙwalwa.

A nan ƙwayoyin gado suka shigo. Dabarar, wadda masanin ƙasar Holan Martijn Katan ya fara kawowa a 1986, ta jingina ne da cewa gadon da mutum ya samu daga iyayensa kamar ƙuri'a yake, ba ruwansa da abincinsa ko arzikinsa. Sai a tattara alamomin gadon da ke ƙara haɗarin ciwon (fiye da 100 aka sani zuwa 2018), a auna yawansu a jikin kowa, a gwama da girman ƙwaƙwalwarsa a hoto. Da haka masu bincike a Koriya ta Kudu suka samu a 2021 cewa farin sashen ƙwaƙwalwa, mai sadar da saƙo, shi ne ke raguwa. Lissafin kan lalace idan alama ɗaya tana tayar da hawan jini ita ma, don haka ake tace irin waɗannan.

Akasarin bayanan na Turawa ne, kuma wannan yana damunmu. A Kaduna hawan jinin da aka yi sake da shi, da lalacewar ƙofar zuciya bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, suna cikin manyan musabbaban ciwon. Wanda ya ƙirga bugun wuyan hannunsa na minti ɗaya ya ji yana tsallake, ya je a yi masa ECG, wato gwajin bugun zuciya da na'ura. Idan aka samu ciwon kuma ƙofar zuciyar ta tsuke, warfarin (maganin hana jini yin gudaji) ake bayarwa, a riƙa duba INR (ma'aunin daskarewar jini) ya tsaya tsakanin 2 da 3.