Ma'anar "Bajau": Mutanen da Ke Kafa Gida a Kan Teku

Akwai wani hoto da ke yawan yawo a Facebook da TikTok: ruwa garau har ana hango yashin ƙasa, bukkoki tsaye a kan dogayen dirkoki, yara a cikin ɗan kwalekwale. Duk wanda ya taɓa ganinsa ya ga Bajau, ko da bai san sunan ba.

Maƙwabta ne suka laƙaba musu sunan Bajau. Su dai "Sama" suke ce wa kansu, shi ya sa masana kan haɗa su ce Sama-Bajau. Suna warwatse a ƙasashe uku: tsibiran Sulu da Tawi-Tawi a kudancin Filifin, jihar Sabah ta Malesiya, sai gaɓar Sulawesi a Indonesiya, inda ake ce musu Bajo. Galibinsu Musulmi ne.

Sai dai ba kowane Bajau ne ɗan ruwa ba, kuma a nan mutane ke tafka kuskure. Na Kota Belud a yammacin Sabah manoma ne, har sun yi suna wajen hawan doki. Waɗanda ke cikin hoton su ne Bajau Laut, "laut" kuwa teku ke nan da harshen Malay. A da, iyali guda kan yi zamansu kacokan a cikin jirgin katako da ake kira lepa. A ciki ake girki, a ciki ake kwana, a ciki ake haihuwa. Yau kaɗan ne suka rage a haka, saura sun koma ƙauyukan kan ruwa.

Ɗauki tsibirin Mabul, tafiyar kusan awa guda a jirgi mai inji daga garin Semporna a gabashin Sabah. In ruwa ya cika, kwalekwale na ɗaure a ƙarƙashin ɗaki, da tsani ake sauka a shige shi. In ya janye, sai ka ga dirkokin tsirara, mata da yara sun bazu suna tsintar abin da teku ta bari. Kifi na shanye a rana, fuskokin mata sun sha borak, wani ƙullin shinkafa da ake shafawa saboda zafin rana. Abin ban mamaki, ruwa ta ko'ina, amma na sha wahala yake yi.

Nutso shi ne sana'arsu. Da tabarau na katako da mashi suke sauka, ba tukunyar iska, suna neman kifi da kokwambar teku (wata dabbar ƙasan teku), wasu har zurfin mita 70. A wani nazari da aka wallafa a 2018, wata mai bincike, Melissa Ilardo, ta auna saifar Bajau a Sulawesi ta samu ta fi ta maƙwabtansu Saluan girma da kusan kashi 50 cikin 100, har da ta Bajau ɗin da ba sa nutso. Wato abin gado ne. Saifa ce ke matso jini mai ɗauke da iska a lokacin da mutum ya riƙe numfashi.

Abin da hoton ba ya nunawa shi ne takarda. Da yawa daga cikin Bajau Laut na Sabah ba su da shaidar zama ɗan kowace ƙasa, ko da a nan aka haife su. Yaro marar takarda ba ya shiga makarantar gwamnati, asibiti kuwa kuɗin baƙo za a caje shi. Ni a ganina, baƙon da ya tsaya a jirgi yana jefa wa yara alewa don ya samu hoto gara ya sayi kifin uwarsu.

Tun 1994 ake bikin Regatta Lepa kusan duk shekara a Semporna, a ƙawata jirage da tutoci masu launi, a zaɓi wanda ya fi kyau. A yankin nan dai, cikin watan Yunin 2024, hukumomin Sabah suka rushe gidajen Bajau Laut a gandun ruwa na Tun Sakaran, suka ce an gina su ba bisa ƙa'ida ba. Ɗaruruwan mutane ne suka rasa wurin kwana.