Agogon matuƙa jirgi: yadda kayan aiki ya koma kayan gwanjo

A Yamai, in aka ce tsohon agogo mai daraja, hankalin mutane kan tafi ga Seiko 5 ko Rado da alhazai ke dawowa da su daga Makka. Amma wanda masu tarawa a Turai ke zuba wa kuɗi daban ne: agogon wani, wato mai aiki in an murɗa kansa da hannu, wanda aka ƙera domin matuƙa jirgin sama.

Asalinsa daga birnin Paris ne. A 1904 Louis Cartier ya ƙera wa abokinsa Alberto Santos-Dumont, ɗan Birazil, agogon ɗaurawa a hannu, domin mai riƙe da akalar jirgi ba shi da hannun laluben aljihu. Bayan Charles Lindbergh ya tsallake tekun Atlantika shi kaɗai a 1927, kamfanin Longines ya fitar da agogo bisa shawararsa a 1931, mai taimaka wa matuƙi ya lissafa inda yake.

Yaƙin duniya na biyu ne ya ba agogon siffar da muka sani: baƙar fuska, manyan lambobi masu haske a duhu, da kan wani mai kauri da za a murɗa ko da safar hannu. Na sojan saman Jamus faɗinsa milimita 55, a kan hannun riga ake ɗaura shi. A 1948 kamfanin IWC ya yi wa sojan saman Ingila Mark 11, aka lulluɓe injinsa da ƙarfe don kada maganaɗisun na'urorin jirgi ya rikita shi.

Wanda ya fi kusa da tarihinmu shi ne Type 20. A shekarun 1950 gwamnatin Faransa ta tsara ƙa'idojinsa, kamfanoni irin su Breguet, Dodane, Vixa da Auricoste suka samar da shi. Dannawa ɗaya tak, hannun daƙiƙa ya koma sifili ya ci gaba da gudu, abin da matuƙi ke bukata in zai sauya hanya. Agogon na gwamnati ne, aro ake ba soja. Shi ya sa in ka juya bayansa za ka ga an buga haruffan FG da kwanan wata, wani lokaci layi a kan layi, alamar wa'adin garantin kowane gyara. A wancan zamani akwai sojan Faransa a nan Yamai, don haka duk wanda ya ci karo da mai irin wannan tambari a akwatin kakansa, kada ya yi gaggawar rabuwa da shi.

Sai ga Seiko ya fito da Astron a watan Disamban 1969, agogon hannu na farko a kasuwa mai injin kwatz (quartz), wanda ke aiki da pil. Cikin shekaru kaɗan na pil ya yi araha, ya kuma fi na wani daidaito. Masana'antun Suwis da dama suka rufe, tsoffin agogai suka koma ƙasan akwati. Daga shekarun 1980 ne masu tarawa suka waiwayo su, gidajen gwanjo a Janeba suka ɗaga farashi.

To a nan ake yin asara, kuma da kyakkyawar niyya. Mai gyaran agogo a Babbar Kasuwa, da gilashinsa maƙale a ido, burinsa ya maido maka da kaya kamar sabo. Zai goge jikin har ya yi ƙyalli, ya sake fentin fuskar, hannun da ya yi tsatsa ya sa na wani agogo. Ga mai tarawa, rabin kuɗin ya tafi ke nan. Shi wannan dusashewar yake saye, da lambobin da suka koma ruwan ƙasa. Abin da za ka ce da mai gyara bai wuce: "Malam, a wanke injin, a sa mai, kada a taɓa fuskar." Ƙurar hunturu da busasshen mai ne ke tsayar da mafi yawansu.

Jabu kuwa sun cika tire, musamman masu sunan Breitling; in hannun daƙiƙa na tsalle ɗaya-ɗaya, pil ne a ciki. Sannan hasken lambobin agogan da aka ƙera kafin shekarun 1960 na sinadarin radiyom ne, kuma ko hasken ya mutu, gubar tana nan. Kada a buɗe irinsu a ɗaki, kada kuma a hura ƙurar fuskar da baki.