Waiwaye: Su wa ke kashe gobara a ƙauyukanmu?

A yawancin ƙananan garuruwan Kano da Jigawa ba za ka ga ofishin 'yan kwana-kwana ba, amma hakan ba ya nufin babu masu kashe wuta. Akwai su tun kaka da kakanni, sai dai ba su da inifom, ba su da albashi, ba kuma a taɓa rubuta sunansu a wata takarda ba.

A da, garin karkara kusan duk abincin wuta ne: ɗakin ciyawa, dannin kara, zana, ga rumbuna a jere bayan gida. Da an gama kaka hunturu ya shigo, komai ya bushe ƙamas, rushin da aka bari a murhu ko wutar jin ɗumi ya isa ya tashi unguwa guda. Haka ma masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya. Saboda haka kowa ya san aikinsa. Da an ji kururuwar "gobara!", samari za su yi wurin a guje, wasu kuma su nufi rijiya da guga, mata da yara su yi ta jigilar ruwa a tulu da ƙwarya. Dattawan da suka san kan abin ba sa ɓarnar ruwa a ɗakin da ya riga ya kama. Sai su duba inda iska ta dosa, su sa a kwantar da danni da zanar maƙwabta, a sauke jinka, don wutar ta rasa abin ci. A kwance dabbobi daga turke, a kare rumbu ko ta halin ƙaƙa, domin ɗaki ana sake shi cikin mako, hatsi kuwa sai wata shekara.

Bayan wuta ta mutu aikin bai ƙare ba. Mai unguwa ya kai wa dagaci labari, a zo jaje, wannan ya kawo damin gero, wancan ya kawo ciyawa ko azara, sarkin samari ya kira gayya a tayar da ɗakin. A ganina wannan ne ya fi komai daraja a tsarin, don ba a barin wanda ya yi asara ya kwana a fili.

Aikin kwana-kwana na gwamnati kuwa a birni aka haife shi. A Legas ya fara tun farkon zamanin Turawa, ƙarƙashin 'yan sanda, kafin dokar 1963 ta ba shi damar cin gashin kansa. Jihohi suka kafa nasu. Yau Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa, wadda aka cire daga Kano a 1991, na da 27, kuma motocin sun fi yawa a hedikwata da manyan garuruwa. Jami'an suna ƙoƙari, har ceton waɗanda suka faɗa rijiya ko kududdufi su ake kira. Amma ɗakin ciyawa ba ya jiran motar da za ta taso daga nesa a kan hanyar burji.

A tsakanin nan wasu suka shigo sahu: 'yan agajin ƙungiyoyin addini irin su Jama'atu Nasril Islam, Fityanul Islam da Izala, 'yan sintiri da ke farke cikin dare, da 'yan ga-ruwa masu kura cike da jarkoki. Wayar salula ta ɗauki rabin aikin kururuwa.

Abin da ya sauya ƙwarai shi ne ita kanta wutar. Kwano da siminti sun rage gobarar jinka, sai dai sun zo da wayoyin lantarki da aka ja ba bisa ƙa'ida ba, janareto, tukunyar gas, da fetur ɗin 'yan bumburutu a jarka cikin shago ko ɗakin kwana. Dabarar da muka gada ba ta dace da waɗannan ba. Ruwa a kan fetur yaɗa wutar yake yi, yashi ake so. Ruwa a kan wayar da ba a kashe ba kuwa yana iya hallaka mai watsawa. Samari nawa aka taɓa zaunarwa aka koya musu haka?

Abin da ya faru a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, a watan Oktoba 2024 ya nuna girman giɓin. Tankar mai ta kife da dare, jama'a suka taru, wasu na kwasar man da ya zube, sai ta yi bindiga. Fiye da mutum 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. A irin wannan dare babban aikin ɗan sa kai shi ne korar mutane nesa tun wuta ba ta tashi ba, kuma wannan sai wanda aka horar, wanda gari ke jin maganarsa.

Mutanen suna nan, zuciyar ma tana nan. Abin da ƙananan hukumomi da hakimai za su iya yi bai fi ƙarfinsu ba: a zaɓi samari a kowace gunduma, 'yan kwana-kwana su zo su horar da su kafin hunturu, a ajiye tukwanen kashe wuta da bokitan yashi a kasuwa da tasha, a kuma manna lambar ofishi mafi kusa a ƙofar gidan dagaci.